MALAM AMINU KANO, MALAMIN MALAMAI

 

Ya ku 'yan'uwana samari, na cikin garin Haɗejiya da na ƙauyukan bakin kogi, idan aka tsai da goma daga cikinku aka tambaye su ko wane ne Malam Aminu Kano, tara za su ce ɗan siyasa ne mai kare talakawa. Na goman kuwa watakila ya ce sunan filin jirgin sama ne da babban asibiti a Kano. Duk ba su yi ƙarya ba. Amma kafin ya zama shugaban jam'iyya, mutumin nan ya yi shekara takwas yana shaƙar ƙurar alli, daga 1942 zuwa 1950. Ƙarshen shekarun nan kuwa ya yi su ne wajen koyar da waɗanda za su je su koyar da yara. Shi ne kuma ya yi ɗawainiyar tara malaman makarantar Arewa cikin ƙungiya ɗaya domin a dubi halin da su ke ciki. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi na ke so mu duba. Siyasarsa wasu sun rubuta, sun kuma isar.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan ba ɓoyayye ba ne. Mun zo wani zamani da saurayi ya ke ɗaukar aikin koyarwa kamar rumfar jiran mota. Ya je Gumel ya yi shekara uku ya samo takardar NCE, ba don yana so ba, sai don bai sami gurbin da ya nema a jami'a ba. In an ɗauke shi aiki aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Guri ko Kirikasamma, tun bai ga ƙofar ajin ba ya fara neman babban da zai sa baki a dawo da shi gari. Jikinsa yana aji, zuciyarsa tana wajen aikin kwastan ko na banki. Ba kuwa zan ɗora masa laifin duka ba, domin da idonsa ya ga yadda malaminsa na firamare ya ƙare: bashi wajen mai shago, bashi wajen mai hatsi, ga tsufa ya zo ba gidan kansa. To, ku sani wannan ciwo tsoho ne, kuma akwai wanda ya gane shi tun kakanninku suna yara.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin fiƙihu ne, mufti a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Gyanawa, watau Fulanin nan da aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce. A hannunta da hannun kakarsa ya fara karatun allo, kana ta rasu ta bar shi yana ƙarami. Ku riƙe wannan, domin mutumin da mata suka fara ɗora wa alƙalami ba zai girma ya yarda cewa ilmi na maza ne su kaɗai ba, haka kuwa aka yi.

Yana wajen shekara goma aka sa shi Elemantare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A wancan lokaci Haɗejiya tana cikin Lardin Kano, saboda haka 'yan tsirarun yaranmu da suka wuce Elemantare can a kan kai su. Ku tuna fa, shekara 14 kacal ke tsakanin haihuwar Malam Aminu da ranar da Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa. Mutanen da suka binne iyayensu a wannan rana ba za su yi murna da makarantar wanda ya kashe su ba. Saboda haka malamin boko na lokacin a tsaka mai wuya ya ke. Talakawa suna kallonsa yaron Nasara mai raba su da 'ya'yansu, masu sarauta kuma suna kallonsa ɗan ƙaramin ma'aikacin En'e wanda za a iya aike ko a kora.

Daga Midil ya sami shiga babbar kwalejin Arewa. Ita ce wadda aka buɗe a Katsina a 1922 musamman don horon malamai, wadda ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kana aka mai da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Ya sami takardar shaidar malanta a 1942, aka tura shi Midil ta Bauci.

Bauci

A Bauci ya tarar da mutanen da sunansu zai cika ƙasar nan daga baya. Akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi hedimastan makarantar, akwai Malam Yahaya Gusau, a cikin gari kuma akwai Malam Sa'adu Zungur, wanda rashin lafiya ya dawo da shi gida bayan ya yi koyarwa a Zariya. Sa'adu ya girme shi, ya kuma fi shi zurfi a Larabci da fiƙihu, ga shi ya taɓa karatu a kwalejin Yaba a Ikko. Abotarsu ta ɗore har Sa'adu ya rasu a 1958, Malam Aminu kuma ya rubuta tarihinsa daga baya.

Yadda ya ke koyarwa ya saɓa da abin da aka saba. Abin da aka sani shi ne malami ya faɗa, yara su maimaita, wanda ya kuskure ya sha bulala. Shi kuwa ya kan shirya wasan kwaikwayo ya raba wa yara, wani ya fito a matsayin ɗan doka, wani mai unguwa, wani baƙauyen da aka cuta a kasuwa, a yi dariya, kana a zauna a tambayi juna me aka gani. Ya kan fita da su aikin sikawut. Yana so yaro ya yi tambaya, abin da mutanenmu da yawa har gobe su ke ɗauka rashin kunya ne. Bai kuma yarda ɗan Adam ya zube ƙasa gaban ɗan'uwansa da sunan gaisuwa ba, wannan kuwa ya jawo masa baƙin jini wurin manya tun da wuri.

A 1943 aka kafa wata majalisar tattaunawa a Bauci, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su kan zauna a yi muhawara. Da fari hukuma ta so abin, tana ganin hira ce ta 'yan boko. Da tambayoyi suka fara taɓa tsarin mulkin En'e da yadda a ke yanka albashin sarakuna, sai aka rufe ta. Su Malam Aminu da Sa'adu ba su watse ba, suka ci gaba da taruwa da wani suna.

Landan, da haihuwar ƙungiya

A 1946 aka ba shi gurbin karatu na shekara ɗaya a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, inda Tafawa Ɓalewa ya riga shi zuwa da shekara guda. Ingila ta fito daga yaƙi ke nan, abinci ma da kati a ke sayensa, jam'iyyar ma'aikata ce ke mulki. Abin da ya fi tsaya masa a rai ba gine-gine ba ne. Ya ga Bature yana haƙar kwal, yana share titi, ya kuma ga cewa malaman makaranta a can suna da ƙungiya mai ƙarfi wadda ta ke zama da hukuma a yi ciniki a kan albashi da fansho, ba wanda ya ce sun yi tawaye. Tun yana can ya fara tattara 'yan'uwansa malaman Arewa da ke karatu tare, suka ƙulla ƙungiyar kula da jin daɗin malamai. Da suka dawo gida, a 1948 ta tsaya da ƙafafunta da sunan Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa, Shettima Ajiram na Barno yana shugaba, Malam Aminu yana babban sakatare. Kudu sun riga mu, domin tasu ƙungiyar ta NUT tun 1931 aka kafa ta. Amma a Arewa wannan sabon abu ne ƙwarai, a ce ma'aikata daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Ilori, Musulmi da Kirista, sun haɗa kai ba ta hannun wani sarki ko Razdan ba.

Me su ke nema? Albashin da zai riƙe mutum da iyalinsa, da ƙa'idar ƙarin girma wadda ba ta dogara da fadanci ba, da abin da mutum zai ci in ya tsufa, da gyaran manhaja, da ƙarin horo ga malamin da ke bakin aiki. Ku lura da kyau, ba su raba maganar ciki da maganar aji ba. A nan ne na ke ganin basirar Malam Aminu ta fi fitowa. Ya gane cewa horon malami da kula da halinsa aiki ɗaya ne. Ka koya wa mutum dabarun koyarwa na duniya duka, in ka tura shi ƙauye da yunwa da bashi da tsoron hakimi, ka yi shuka a kan dutse. Malamin da abincinsa ke hannun wani, bakinsa ma yana hannun wannan mutumin. Yaya zai koya wa yaro faɗin gaskiya alhali shi kansa in ya faɗa za a ɗauke shi a jefa shi inda ba ruwa ba hanya?

Wani zai ce wannan ra'ayin Turawa ne ya kwaso. To, a'a. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga kowa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, Adabul Mu'allimina. A ciki ya tabbatar da halaccin malami ya karɓi lada a kan koyarwa. Ya wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya iyakance masa duka, ya hana shi aiken yara cikin bukatun kansa, ya kuma hana shi barin su ya tafi wata hidima a lokacin karatu. Ku dubi yadda ya ɗaure abu biyu da igiya ɗaya: an hana malami ya raba hankalinsa, saboda haka wajibi ne a ɗauke masa abin da zai raba masa hankali. A ƙasarmu ma horon malamai ba da Turawa ya fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kan horar da jajis, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata, su dawo ta ji abin da suka tarar.

Masu bincike na zamani sun zo daga baya sun ba ciwon suna. A 1974 wani likitan halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya bayyana yadda masu hidimar jama'a su kan ƙone ƙurmus ta ciki kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A 1981 Christina Maslach da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gane wannan hali, wanda a ke amfani da shi a kan malaman makaranta a ƙasashe da yawa. Alamu uku suka ambata. Mutum ya ji zuciyarsa ta gaji tun kafin ya fara aikin ranar. Sa'an nan ya daina ganin waɗanda ya ke yi wa hidima a matsayin mutane, su zame masa kaya kawai. Daga ƙarshe ya yanke cewa duk abin da ya ke yi ba shi da wani amfani. Wallahi duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar nan ya san malami mai waɗannan alamu, ko da bai taɓa jin sunan Maslach ba. Shi ne wanda zai rubuta abu a allo ya fita gindin bishiya, in yaro ya yi motsi ya huce haushin mai shago a bayansa. Mu kan ce mugu ne. Sau da yawa kuwa ba haka ya fara ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, ta hannun UNESCO da hukumar ƙwadago ta duniya, sai ran 5 ga Oktoba 1966 ta fitar da shawarwarinta a kan matsayin malamai, shekara 18 bayan su Malam Aminu sun kafa tasu ƙungiya.

Bari in ɗan karkato kanmu, don kada mu yi ta nuna gwamnati da yatsa. Mu da mu ke buɗe makarantun Islamiyya a unguwanni, nawa mu ke ba malamansu? Na taɓa zama a wani kwamitin makaranta inda aka kwana uku ana muhawara a kan fentin gini da lasifika, da aka zo maganar malaman da suka yi wata biyu ba a ba su ko kwabo ba sai aka ce ai aikin Allah su ke yi. Ni ma ina wurin, ban ce uffan ba, har yau kuwa abin yana damuna. Mai fenti ba a ce masa ya yi don Allah ba, an biya shi lakadan.

Maru

Da ya dawo daga Ingila an mai da shi Bauci, ba da jimawa ba aka sa shi a sashen horon malamai. Amma Bauci ta yi masa kaɗan, ko kuwa mu ce shi ya yi wa hukumar Bauci yawa. Shi da Sa'adu Zungur suna tara jama'a, suna rubuce-rubuce a jarida. Shekarar 1949 ta same shi a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato, cikin Jihar Zamfara ta yau, yana shugabancinta. Ƙaramin gari ne nesa da jaridu da 'yan boko, mai hankali kuwa ya san abin da a ke nufi da irin wannan canjin wurin aiki.

A nan na ke so samarinmu su tsaya su yi tunani. Mutumin da ya fito daga Jami'ar Landan, ɗan birnin Kano, ɗan gidan alƙalai, an jefa shi ƙauye, bai nemi wanda zai sa baki ba, ya tafi ya kama aiki. Ɗalibansa samari ne kamarku, waɗanda za a watsa cikin makarantun Elemantare na karkara. Ku yi lissafi da kanku. A ƙaddara ya yaye mutum 30, kowanne ya riƙe aji mai yara 40, ya yi shekara 30 yana koyarwa. Yara nawa ke nan hannun mutum ɗaya ya taɓa ba tare da ya gan su ba? Wannan shi ne bambancin mai horon malamai da sauran ma'aikata. In ya gyara, gyaran ya kan yaɗu inda ƙafarsa ba ta taka ba. In ya ɓata ma haka.

Yana Maru ne kuma ya mai da hankali a kan makarantun allo, yana neman hanyar da za a kyautata su: a tsara lokaci, a rarraba yara bisa matsayin karatunsu, a haɗa musu da lissafi da fahimtar abin da su ke karantawa, a kuma raba almajiri da bara. Wannan ma maganar halin malami ce. Malamin allon da ba wanda ya ɗauki nauyinsa, dole yaran su ɗauka, da ƙoƙo a hannu.

Cikin malaman da ke koyarwa tare da shi a Maru akwai wani saurayi da ya fito daga Makarantar Shari'a ta Kano, mai suna Malam Abubakar Mahmud Gumi. A nan ne aka yi mas'alar taimama wadda ta shahara. Limamin garin ya saba yin taimama ya ba da salla alhali ga ruwa, ba kuma wata larura ta shari'a, al'ada ce kawai da aka gada a wasu wurare. Malam Abubakar ya yi masa magana bai bari ba, sai ya gaya wa ɗalibansa hukuncin, ɗalibai suka daina bin limamin. Magana ta kai Sakkwato gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka naɗa masu bincike, da aka buɗe littattafai hujja ta tsaya a gefen malamin makaranta. Abin da na ke so ku gani a nan shi ne inda ƙarfin ya fito. Saurayi ne ba sarauta ba dukiya, abin da ya mallaka aji ne da ɗaliban da suka amince da ilminsa. Daga baya hanyoyin mutanen nan biyu sun rabu a siyasa, Malam Abubakar ya kusanci Sardauna har ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, Malam Aminu kuwa ya zama madugun 'yan hamayya. Amma ɗakin malamai ɗaya ya haɗa su, a garin da aka ɗauka ba abin da zai fito daga cikinsa.

Mu a nan, Marunmu ita ce fadama. Kowa ya san yadda a ke fama in damina ta yi nisa. Kogi ya cika ya tumbatsa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya bi gonaki da gidaje. A 2022 mun ga yadda ambaliya ta yi ɓarna a ƙasar Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, makarantu da yawa suka koma masaukin waɗanda ruwa ya kora. Akwai ƙauyukan da malami ba ya isa sai a kwalekwale. In ruwa ya janye kuma ga aikin shinkafa, ga kamun kifi, ga noman rani, uba yana bukatar hannun ɗansa. Malamin da zai zauna a irin wannan wuri sai an yi masa ɗaki, an biya shi a kan kari, mutanen gari sun ɗauke shi nasu. Wanda kuma ya fi cancanta ya zauna shi ne ɗan wurin, wanda ya iya tuƙa jirgi, ya san yaren Bade ko Fulatanci ko Mangaranci da yaran ke ji a gida. In ku 'ya'yan fadama kun guje ta, wa ku ke jira ya zo daga Dutse?

Ajiye alli

Ran 8 ga Agusta 1950 wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ma'aikacin gwamnati ba shi da izinin shiga siyasa a fili, saboda haka kafin shekarar ta ƙare Malam Aminu ya ajiye aiki, ya bayyana dalilansa a jaridar Daily Comet, ya koma Kano ba albashi ba fansho. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. Ƙungiyar malamai ta zama tsani. Da aka buɗe ƙofar zaɓe da muƙamai a shekarun 1950, ina za a samo masu ilmin da za su riƙe su in ba cikin aji ba? Tafawa Ɓalewa malami ne, Kashim Ibrahim malami ne, haka Isa Kaita, haka Shehu Shagari, haka Maitama Sule. Ƙasa ta sami shugabanni, aji kuwa ya yi asarar gwanayensa a lokaci guda. Tun daga nan yaro mai ƙwazo ya koyi cewa koyarwa mashiga ce, ba mazauni ba. Ban ce Malam Aminu ya yi kuskure ba, domin zaluncin da ya fita ya yaƙa gaskiya ne, kakanninmu sun ɗanɗana shi wajen haraji da jangali da aikin tilas. Amma raunin da fitar irinsu ta bari bai warke ba. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai da aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su daga nesa, kafin a je ko'ina kuma, a farkon shekarun 1980, jihohi da yawa suka kasa biyan albashinsu wata da watanni.

Shi dai bai daina koyarwa ba, ajin ne ya sauya. A farkon shekarun 1950 ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano bisa tsarin da ya yi ta tunani a Maru, mai azuzuwa da jadawali, mabiyansa kuma suka buɗe irinta a wasu garuruwa. Hukumar En'e da wasu malamai suka yi musu ca, aka rufe da yawa. Yau kuwa ba unguwar da ba Islamiyya, har jikokin waɗanda suka yi jifa suna kai 'ya'yansu. Ya nace a kan ilmin mata da haƙƙinsu a lokacin da faɗin haka ke jawo zagi. Ya kan yi tafsiri a gidansa cikin watan azumi. Laccarsa ta siyasa ma darasi ce, da misalai da tambaya da ban dariya, irin ta wanda ya saba da aji.

Sauran tarihin sananne ne. Ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959. A mulkin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, kana ta lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ƙungiyar da ya kafa ta malaman Arewa ta haɗe da NUT a 1972, suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, ita ce wadda malamanku na yau su ke ciki. Ya kafa PRP a 1978, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta ci Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa. Gwamnatin nan ta Abubakar Rimi ita ce ta soke haraji da jangali, ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya a 1980. Rigimar da ta raba jam'iyyar gida biyu ta ɓata masa rai ƙwarai a ƙarshen rayuwarsa.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, ana saura 'yan watanni a yi zaɓe, yana da shekara 62. Mutumin da ya riƙe ma'aikatu biyu na tarayya bai bar kamfani ko rukunin gidaje ba. An binne shi a cikin gidansa na Gwammaja. Gidan yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, ana kiransa Mambayya, laƙabin mahaifiyarsa wadda ta fara koya masa karatu, ana kuma yin taruka da kwasa-kwasai a cikinsa. Makarantar Maru ma tana nan, ta zama Kwalejin Ilmi ta Jihar Zamfara, har yanzu malamai ta ke yayewa. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, da shi da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.